Aman Jini da Baƙin Bahaya: Shin Yanayi da Lokutan Shekara Na da Hannu?

Zubar jini daga sashen sama na hanyar abinci na daga cikin larurorin da ke kai mutum asibiti cikin gaggawa, kuma idan aka yi jinkiri tana iya yin kisa cikin 'yan sa'o'i. Abin da likitoci ke nufi da sashen sama shi ne bututun da ke ɗaukar abinci daga maƙogwaro zuwa ciki, da tumbi, da kuma farkon ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin santimita 25. A ƙasashen Turai da Amurka, inda ake ajiye ƙididdigar asibitoci da kyau, larurar tana kwantar da mutum 50 zuwa 150 cikin kowane 100,000 a shekara, kuma tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na waɗanda aka kwantar ba sa tashi.

Tun da daɗewa likitoci suka lura cewa masu wannan larura ba sa zuwa asibiti daidai-wa-daida a tsawon shekara. Akwai watannin da gadaje kan cika, akwai waɗanda kan yi sauƙi. Bahaushe ma yana da nasa ra'ayin, domin kusan duk ciwon da ya taso a hunturu sanyi ake ɗora wa alhakinsa. Amsar da binciken likitanci ya bayar ita ce, a ƙasashen da ke da tsananin sanyi yawan masu zubar jinin yana ƙaruwa a watannin sanyi, amma ƙaruwar ba ta da girma sosai, kuma ba ko'ina aka same ta ba. Yanayi ba ya huda cikin mai lafiya. Abin da yake yi shi ne tayar da ciwon da ke kwance, ko kuma tura mutum ya yi abin da zai tayar da shi. A birni irin Legas, musamman a unguwannin Hausawa kamar Agege, wannan hanya ta biyu ce ta fi ƙarfi.

Yadda ake gane ta

Alamar da ta fi bayyana ita ce aman jini. Wani lokaci jinin kan fito ja-wur, har da gudaji, wanda ke nuna zubar tana da ƙarfi kuma yanzu take faruwa. Wani lokaci kuma yakan fito baƙi-baƙi, da ɓarɓashi kamar garin kofi da ya kwanta a kofi, saboda jinin ya jima a tumbi har ruwan tsami na ciki ya sauya masa launi.

Alama ta biyu ita ce wadda aka fi sakaci da ita, wato bahaya baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo da wari mai tsanani wanda ya bambanta da na yau da kullum. Jini kaɗan, kimanin mililita 50 zuwa 100, wato bai kai rabin kofin shayi ba, ya isa ya baƙanta bahaya. Mutum zai iya yin kwana biyu ko uku yana wannan bahaya ba tare da ya yi amai ko sau ɗaya ba, kuma da yake batu ne da ake jin nauyin faɗa, sai ya yi shiru har jiri ya kayar da shi. Baligi yana da jini kusan lita 5 a jikinsa. Idan ya rasa kashi ɗaya cikin uku, zuciya za ta riƙa bugawa da sauri, tafin hannu da cikin ido su yi fari, gumi mai sanyi ya karyo, ya ji ƙishirwa, ya kasa tsayawa da ƙafafunsa.

Akwai abubuwan da ke kama da wannan larura alhali ba ita ba ce. Ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe, irin waɗanda ake ba mata masu juna biyu, suna baƙanta bahaya, amma ba ya yin danƙo da warin nan. Wanda ya sha zoɓo ya yi amai zai ga ja. Jinin da ke fitowa da tari kuma, mai kumfa, daga huhu yake, kuma yakan sa a yi zargin tarin fuka. Duk da haka, rarrabewar aikin ma'aikacin lafiya ne.

Abin da ke haddasa ta

A duniya baki ɗaya, gyambon ciki, wanda aka fi sani da olsa, shi ne kan gaba. Gyambon yana cin bangon tumbi ko farkon hanji a hankali har ya isa wata jijiyar jini ya fasa ta. Manyan dalilansa biyu ne. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda likitocin Ostareliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a birnin Perth a 1982, aka kuma ba su kyautar Nobel a kanta a 2005. Ana kamuwa da ita tun ƙuruciya, galibi a gidajen da ake cunkoso da inda ruwan sha ba shi da tsafta. Wani nazari da ya tattara alƙaluman ƙasashe da dama a 2017 ya sanya Najeriya a sahun gaba, da kimanin kashi 88 cikin ɗari na jama'a. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba za su taɓa yin gyambo ba. Wani likitan tiyata mai suna Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya yi rubutu a 1992 kan mamakin yadda ƙwayar ta yi yawa a Afirka amma cututtukan da take jawowa ba su kai yadda ake zato ba. Har yanzu ana muhawara kan wannan, kuma Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya da ke Yaba a Legas na cikin wuraren da suka daɗe suna nazarin ƙwayar.

Dalili na biyu shi ne magungunan ciwon jiki da kumburi: asfirin, ibufurofen, diklofenak, firoksikam da danginsu. Waɗannan suna hana jiki samar da sinadarin da ke kare bangon ciki daga ruwan tsami, asfirin kuma yana ƙarawa da hana jini saurin daskarewa. Ko da allura aka yi wa mutum, ba ƙwaya ya haɗiya ba, illar tana isa ciki ta hanyar jini.

Sai kuma fashewar jijiyoyin da suka kumbura a ƙasan bututun abinci. Wannan yana faruwa ne idan hanta ta ƙanƙance ta yi tauri, jinin da ke tasowa daga hanji ya kasa ratsa ta, sai ya koma ta ƙananan jijiyoyin da ba a yi su don ɗaukar wannan nauyi ba. Suna kumbura, ranar da ɗaya ta fashe kuwa jini kan zubo kamar an buɗe famfo, sau da yawa ba tare da ciwon ciki ba. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ko shida da hakan ta same shi yana mutuwa cikin makonni shida. A Najeriya babban abin da ke lalata hanta shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna yana jikin kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64. Akwai kuma barasa, da wani nau'in tsargiya da ke kama hanji da hanta, wanda ake ɗauka a ruwan fadama da madatsun noman rani. Rahotannin wasu asibitocin koyarwa na Arewa, kamar na Maiduguri, sun nuna wannan fashewar jijiya tana da kaso mai yawa cikin masu aman jini, fiye da yadda ake gani a Turai.

Sauran dalilan sun haɗa da ƙujewar bangon ciki, da tsagewar ƙasan bututun abinci bayan yunƙurin amai mai tsanani, da ciwon daji na tumbi.

Abin da aka gano a ƙasashen sanyi

Tsofaffin littattafan likitanci na Turai sun daɗe suna cewa gyambon farkon hanji yana tashi ne a lokacin fitar sanyi da lokacin shigarsa. Da aka fara ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, sai aka samu damar gwada wannan magana da alƙaluman dubban mutane. Bincike a Japan ya nuna aman jini daga gyambon tumbi yana ƙaruwa idan ma'aunin zafi ya sauka, yana raguwa a tsakiyar zafi. An samu makamancin haka a China da Taiwan. A Faransa, nazarin bayanan ƙasa ya nuna mace-mace daga fashewar jijiyoyin bututun abinci sun fi yawa a watannin Disamba da Janairu, kuma likitoci a Tunisiya ma sun ba da rahoton ƙaruwar wannan fashewa a lokacin sanyi. A arewacin Italiya kuwa, yawan masu kwanciya saboda gyambo ya fi tashi a lokutan sauyin yanayi, ba a tsakiyar sanyi kaɗai ba. Wasu nazarce-nazarcen, ciki har da na kudancin Sifen, ba su ga wata alaƙa ba sam.

Masana sun kawo bayanai da dama kan yadda sanyi zai iya yin hakan. Idan jiki ya ji sanyi, jijiyoyin fata suna tsukewa don kada ɗumi ya fita, sai jinin ya koma cikin jiki, hawan jini ya ɗan ƙaru. Ga mai taurin hanta, wannan na iya ƙara matsin jini a jijiyoyin da tuni suka kumbura. Ana kuma zaton sanyi yana raunana majinar da ke lulluɓe bangon tumbi. Waɗannan bayanai suna da ma'ana, amma akwai wanda ya fi su sauƙi: a lokacin sanyi mura da ciwon gaɓoɓi suna yawa, mutane suna shan maganin ciwon jiki fiye da kullum, a ƙasashen Turai kuma lokacin ne na bukukuwan ƙarshen shekara da yawan shan barasa. Mai ƙirga marasa lafiya a asibiti ba zai iya raba aikin sanyin da aikin ƙwayar da aka sha saboda sanyin ba, sai idan ya tambayi kowane mutum abin da ya sha, kuma akasarin binciken da aka yi daga tsofaffin takardun asibiti aka ɗauko su, inda ba a cika rubuta wannan ba.

Wani abin lura shi ne tashin hankali da wahala, ko ba a lokacin sanyi ba, suna tayar da gyambo. A lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan a 1940 da 1941, asibitocin birnin sun ga ƙaruwar masu gyambon da ya huda ciki. Bayan girgizar ƙasar Kobe ta 17 ga Janairun 1995, da ta gabashin Japan ta 11 ga Maris ɗin 2011, likitoci sun ba da rahoton ƙaruwar gyambo mai zubar da jini, musamman tsakanin tsofaffi. Duka girgizar biyu sun faru ne ana sanyi, mutane suna kwana a sansanoni.

Legas ba Beijin ba ce

Kafin a ɗauki wannan sakamako a ɗora wa Legas, sai a dubi yanayin nata. A Beijin, bambancin da ke tsakanin watan da ya fi sanyi da wanda ya fi zafi ya kai kusan digiri 30 a ma'aunin Selshiyos. A Legas bai wuce digiri uku ko huɗu ba. Zafin rana yakan kai wajen digiri 33 a Fabrairu da Maris, ya sauko zuwa 28 ko 29 a Yuli da Agusta, da dare kuma da wuya ya yi ƙasa da 22 na tsawon lokaci. Abin da zai ba baƙo daga Arewa mamaki shi ne, ranakun da suka fi sanyi a Legas a tsakiyar damina suke, ba a hunturu ba. Iskar hunturu tana isowa gaɓar teku ne a raunane, tsakanin Disamba da farkon Fabrairu, ta yi kwanaki ta ja baya. Ruwan sama kuwa kashi biyu ne: mai ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, wanda ke kai ƙololuwa a Yuni, sai ɗan hutu a Agusta, sai na biyu a Satumba da Oktoba.

Kano daban ce. A Disamba da Janairu ma'auni kan sauka zuwa digiri 12 ko 13 da asuba, a Afrilu kuma ya haura zuwa 40 da rana. Idan akwai inda sanyi da kansa zai iya taɓa jijiyoyin mai ciwon hanta a ƙasar nan, to a Arewa ne da tsaunukan Jos da Mambila. A Legas sanyin bai kai ya yi wannan aiki da kansa ba, sai dai ta hanyar abin da yake sa mutane su yi.

Agege da zagayowar shekara

Hausawa sun daɗe a Agege. Fataucin goro ne ya fara kawo su, domin yankin ya shahara da gonakin goro a farkon ƙarni na 20, kuma zangon ya bunƙasa bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. A yau akwai waɗanda kakanninsu ma a nan aka haife su, akwai Sarkin Hausawa da fadarsa, akwai babbar mayankar Oko-Oba inda mahauta da dillalan shanu ke hada-hada tun kafin asuba. Haka abin yake a Idi-Araba, da kasuwar Mile 12, da Obalende.

Yawancin sana'o'in da 'yan Arewa ke yi a waɗannan wurare na ƙarfi ne. Ɗan dako da ke sauke buhunan albasa, da mai tura baro, da mai ga-ruwa da ke jan jarkoki goma, da direban da ya kwana biyu a hanya da tirelar shanu, duk da ciwon baya da na kafaɗa suke kwanciya. Ba su da damar hutun kwana biyu, domin ranar da ba a fita ba babu na abinci. Mafitar da ke kusa ita ce kemis ko mai tallan magani a tire, inda za a haɗa wa mutum ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulla a leda, babu suna babu kwali. A irin wannan haɗi ba abin mamaki ba ne a samu magani biyu daga dangi ɗaya, misali diklofenak da ibufurofen, wani lokaci har da ƙwayar sitiroyid, wadda idan ta haɗu da su haɗarin zubar jini ke ninkuwa. Garin Alabukun, wanda ya shahara a Legas, asfirin ne da sinadarin kafin a cikinsa, kuma da yawa daga masu shan sa ba su san asfirin suke sha ba. Mutum zai kora wannan haɗi da shayi tun da sassafe, cikinsa babu komai, ya bi da goro.

A nan ne lokutan shekara ke shigowa. A damina, mai aikin waje yana wuni a jiƙe, sauro yana yawa, zazzaɓin cizon sauro da ciwon jiki suna ƙaruwa, shan haɗi ma ya ƙaru. A hunturu ƙura tana kawo mura da tari da ciwon kai, mai gadi da ke kwana a bakin ƙofa yana tashi da gaɓoɓi a sage, tsofaffi masu sanyin ƙashi suna neman sauƙi. Ke nan a Legas akwai lokuta biyu, ba ɗaya ba, da ake tsammanin shan waɗannan magunguna zai tashi, kuma a kowannensu maganin ne ke cin bangon cikin, ba ruwan sama ko ƙura ba.

Akwai kuma batun cin rani, wanda duk mai ƙirga marasa lafiya a waɗannan unguwanni ya kamata ya sa a lissafi. Bayan an gama girbi a Arewa, matasa da magidanta da dama kan gangaro Legas neman kuɗi, su koma gida idan damina ta kusa faɗuwa. Idan asibitin da ke kusa da Agege ko Mile 12 ya ga ƙarin 'yan Arewa masu aman jini a Janairu, hakan na iya zama saboda mutanen ne suka ƙaru, ba wai haɗarin ya ƙaru a kan kowane mutum ba. Wasunsu kuma daga garuruwan noman rani suka zo, da ciwon hanta ko tsargiya da suka ɗauka shekaru da yawa da suka wuce. Akasin haka na faruwa a tsakiyar damina: ambaliya da cunkoson motoci suna hana mutane isa asibiti, sai ƙididdiga ta nuna raguwa alhali marasa lafiyar suna kwance a gida.

Game da goro da barkono, waɗanda ake yawan zargi: goro yana da kafin, yana ƙara ruwan tsamin ciki, kuma mai gyambo yakan ji ciwonsa ya ƙaru idan ya ci, amma ba shi ne ke haifar da gyambon ba, haka ma yaji. Taba sigari ita ce ke jinkirta warkewar gyambo da gaske. Kanwa da ake jiƙawa a sha don ciwon ciki tana kashe tsamin na ɗan lokaci, mutum ya ji sanyi, gyambon kuma yana nan yana ci.

Azumi

A unguwannin Musulmi akwai wani lokaci na shekara da ba ya bin rana ko ruwan sama, wato watan Ramadan, wanda ke matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2024 an fara shi ranar 11 ga Maris, a 2025 ranar 1 ga Maris, kuma a 'yan shekarun da ke biye zai riƙa faɗowa cikin Fabrairu da Janairu, wato tsakiyar hunturu. Azumi ba ya haifar da gyambo ga mai lafiya. Amma bincike a Turkiyya da wasu ƙasashen Musulmi ya nuna masu gyambon da bai warke ba sun fi fuskantar matsala a watan, musamman hudewar ciki. A kan zubar jini kuwa sakamakon ya rabu. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗiyar maganin ciwon jiki da sahur don a iya aikin yini, ko da buɗa-baki kafin a ci abinci. Wanda aka taɓa tabbatar masa da gyambo, ko ya taɓa aman jini, ko yake da taurin hanta, ya kamata ya ga likita makonni kafin watan ya kama, domin a duba shi a tsara masa magani. Shari'a ta riga ta yi wa marar lafiya rangwame, abin da ake buƙata daga likita shi ne ya faɗi matsayin ciwon.

Haɓo da zazzaɓin Lassa

Abubuwa biyu suna da alaƙa ta kai-tsaye da rani a Najeriya. Na farko haɓo ne. Busasshiyar iskar hunturu tana tsattsage fatar cikin hanci, jini ya zubo, idan kuma mutum yana kwance ko ya ɗaga kansa sama kamar yadda aka saba yi, sai jinin ya bi ta maƙogwaro ya shiga ciki. Daga baya zai iya amayar da shi ko ya ga baƙin bahaya, alhali cikinsa lafiya lau yake. Shi ya sa ake so mai haɓo ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, ya matse taushin hancinsa na minti goma.

Na biyu ya fi haɗari. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu a 1969, yana tashi ne a rani, kuma alƙaluman Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Najeriya suna nuna ya fi ƙamari tsakanin Janairu da Maris, musamman a jihohin Ondo, Edo da Bauchi. Ana ɗaukar sa daga fitsari da kashin ɓera a abinci, da kuma jini da ruwan jikin wanda ya kamu. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu kamuwa ba sa jin jiki sosai, amma a cikin waɗanda ya tsananta wa akwai masu zubar jini ta baki, hanci da ciki. Idan aman jini ya zo bayan kwanaki ana zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, musamman ga wanda bai daɗe da dawowa daga tafiya ba, to masu jinya kada su taɓa jinin ko aman da hannu, kuma a faɗa wa ma'aikatan asibiti tun daga bakin ƙofa.

Idan ta faru

Aman jini ko baƙin bahaya ba larurar kemis ba ce, ko a wane wata suka zo. A kwantar da mutum a gefensa don kada aman ya shiga huhu, kada a ba shi abinci, ko madara, ko jiƙo, ko wani maganin ciwo, a nufi asibitin da ke da ƙarin jini. A Legas ana kiran 112 ko 767 don neman motar agajin gaggawa. Mazauna Agege suna da Babban Asibitin Orile-Agege a kusa, sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, wanda aka buɗe a 1962. Yana da amfani a tafi da ledar duk magungunan da marar lafiya yake sha, har da na gargajiya, da kuma 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini. Tsayawar aman ba ta nufin an tsira: a mafi yawan masu gyambo jinin kan tsaya da kansa, amma a wasu yana dawowa cikin kwana biyu ko uku, kuma dawowar ta fi kisa.

A asibiti za a fara da ƙarin ruwa, da jini idan ya yi ƙasa ƙwarai, da allurar rage tsamin ciki irin omefirazol. Ƙa'idar da aka amince da ita a duniya ita ce a leƙa cikin da na'urar endoskofi, wato siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki, cikin sa'o'i 24. Da ita ake ganin inda jinin ke fita, da ita kuma ake tsayar da shi, ta hanyar allura, ko maƙala ɗan ƙarfe, ko ɗaure jijiyar da ta kumbura da zoben roba. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, kuma kuɗinta yana yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi, don haka yana da kyau a tambaya tun da wuri ko za a tura marar lafiya gaba. Wani babban gwaji mai suna HALT-IT, wanda ya ƙunshi marasa lafiya kusan 12,000 a ƙasashe 15 har da Najeriya, aka kuma wallafa a 2020, ya nuna maganin taranezamik asid, duk da amfaninsa ga mai zubar jini bayan haihuwa, ba ya rage mutuwa a zubar jinin ciki.

Bayan an sallami mutum, sai maganin tushen ciwon. Idan gyambo ne, a gwada ƙwayar Helicobacter pylori ta bahaya ko numfashi, a sha haɗin magungunan kashe ta na kwana 14 har ƙarshe, a sake gwaji bayan aƙalla makonni huɗu don a tabbatar ta tafi. Wanda ya taɓa zubar jini ya bar dangin diklofenak da ibufurofen gaba ɗaya. Farasitamol ba ya cin ciki, amma mai ciwon hanta sai likita ya ƙayyade masa adadi. Wanda likita ya ɗora a kan asfirin ko maganin tsinka jini saboda zuciya kada ya daina da kansa, ya koma wurin likitan a haɗa masa da maganin kare ciki. Idan kuwa jijiyoyi ne suka fashe, akwai ƙwayoyin rage matsin jini irin furofaranolol da ake sha kullum, da komawa a sake ɗaure jijiyoyin har su ƙare. A irin wannan gida ya kamata mata da 'ya'ya su yi gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ba shi da shi kuma ya yi rigakafi. Tun 2004 allurar ke cikin jerin rigakafin yara a Najeriya, kuma ta farko ana son a yi wa jariri ita cikin sa'o'i 24 da haihuwa.